Sabis na Kwana Uku

Sati biyu da kwana ɗaya motar Baba ta yi a hannun Auta kafin ya haɗa ta da ginshiƙi.

Ginshiƙin ba baƙo ba ne. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye a wurin ajiye motoci na ofishinsu, bai taɓa matsawa ko taku ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne an liƙa sabuwar takarda a bango, shi kuwa Auta ba ya iya wuce rubutu bai karanta ba. Aikinsa ma ke nan, adana tsofaffin fayiloli a ɗakin da babu mai shiga sai shi da gara. Yana cikin layi na biyu ya ji ƙaras. Da ya fito, ya tarar ragar gaban motar ta rabu gida uku, bamba kuma ta saki gefe ɗaya tana lilo kamar leɓen wanda aka cire wa haƙori. Takardar, da ya ƙarasa karanta ta, gargaɗi ce ga ma'aikata su riƙa kula wajen ajiye mota.

Shekarunsa arba'in da shida, da furfura a gemu da 'ya'ya uku, amma a gidansu har gobe Auta ne, wanda ba a ba shi riƙon kofin tangaran. Da Baba ya rasu, Yaya, babban wansu, ya so ya kai motar gidansa ya lulluɓe ta da tamfol. Inna ce ta ce a ba Auta, tunda shi kaɗai ke hawan bas. Yaya ya yarda, amma da sharaɗi, kuma a gaban kowa ya kafa shi: ranar da aka ga ko ƙwarzane a jikinta, makulli ya dawo hannunsa.

"Shekara ashirin da biyu Baba yana tuƙa motar nan," in ji shi, "ko kaza bai taɓa bugewa ba."

Da wannan magana aka yi musu tarbiyya. Wanda ya fasa faranti an gaya masa ita, wanda ya faɗi jarabawa ma an gaya masa, ko da yake babu wanda ya taɓa bayyana haɗin kaza da lissafi.

Ranar Talata ce. Ranar Asabar duk suna cin abincin rana a gidan Inna, kuma duk Asabar sai Yaya ya zagaye motar sau biyu, hannu a baya, kafin ya amsa gaisuwa.

Auta ya ɗaure bambar da igiyar ɗaure fayil, ya shiga binciken akwatin gaban mota ko zai dace da sunan wani mai gyara. A ƙarƙashin takardun inshora ya sami wani kati da ya yi ruwan ƙasa. Rubutun Baba ne, ɗan tsaye mai tsabta: lambar waya, kwatancen layi, da kalma ɗaya a sama, "Sabis".

Abin da ya fara ɗaure masa kai da ya isa wurin shi ne babu alamar sabis. Babu ramin duba ƙasan mota, babu jarkar baƙin mai, babu inji ko ɗaya a buɗe. Ƙofofin mota ne jingine da bango kamar masu jiran likita, da bonet-bonet, da guduma iri-iri a jere daga mai girman cokali har mai girman kai. Ƙamshin fenti ya cika wurin. Wani dattijo mai gajeren wando da tabarau a goshi ya fito yana goge hannu. Mai Guduma ake ce masa, haka ma aka rubuta a ƙofa. Bai dubi Auta ba. Motar ya nufa, ya dafa bonet ɗinta kamar mai gaida tsohuwar maƙwabciya.

"Ke ce yau? Ina maigidanki?"

"Allah ya yi masa rasuwa, Baba. Wata biyu ke nan. Ni ɗansa ne."

Dattijon ya yi addu'a, sannan ya sauke tabarau ya dubi Auta daga sama har ƙasa. "Ƙaramin ko? Na san babban."

"A ina ka san shi?"

"Buɗe mini bonet."

Auta ya buɗe, amma bai daina tambaya ba. Ya ƙara da wata. "Ni fa na ɗauka sabis ake yi a nan. Haka ya rubuta."

"Ni ko man inji ban san inda ake zuba shi ba, Malam. Fuska nake gyarawa."

Ya fara da ragar. Ya bi 'yan maɓallan roba da ke riƙe ta ta sama, yana ɗaga kowanne da bakin sukudireba yana jefa shi cikin gwangwanin madara. Bai laluba ba ko sau ɗaya. Ya cire lambar mota ya jingine ta. Ya murɗa sitiyari tayar ta juya, ya zura hannu ta bayanta ya kwance noti biyu da ido ba ya gani, ya koma ɗaya gefen ya yi haka. Auta na tsaye yana lissafi a zuci: mutumin da bai taɓa buɗe motar nan ba ba zai san da waɗannan notin ba.

"Wannan igiyar fa? Ɗaurin waye?"

"Nawa."

"Ya yi kyau. Da tuƙin ma haka yake da ba mu haɗu ba. Kama can."

Suka ja bambar gaba a hankali, dattijon ya zare wayar ƙananan fitilu, suka sauke ta ƙasa. Motar ta tsaya tsirara, lagireto a waje, kamar tsoho ya cire haƙoran roba. A ƙasan lagireton akwai wani ƙarfe mai kauri da ya ratsa daga gefe zuwa gefe, wanda bambar ke rufewa. A jikin ƙarfen akwai rubutu da fenti ruwan ɗorawa, layi huɗu.

Auta ya durƙusa da wandon ofis ɗinsa a kan siminti. Kowane layi kwanan wata ne, da 'yar kalma a gefe. Na farko: bishiya. Na biyu kwanan wata ne kawai, babu komai a gefensa. Na uku: ƙofar gida. Na huɗu: babban ɗa, bayan motar tanka.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Shaida. Duk motar da na sa wa bamba sai na rubuta. Mutum zai dawo bayan shekara yana huci, wai aikina ne ya lalace da kansa. Sai in kwance in nuna masa ranar da na yi, sannan in tambaye shi me ya sake samu a hanya. Bamba tana tafiya, ƙarfen nan yana nan."

"Kana nufin sau huɗu..."

"Wannan da muka sauke ita ce ta biyar da motar ta sa. Ragar kuma ta shida, don akwai lokacin da raga kaɗai ya fasa, ban rubuta ba, ba ta kai a rubuta ba."

Auta ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Bai ji baƙin ciki ba, kuma ya ɗan ji kunyar rashin jinsa. Abin da ya ji shi ne irin ƙaiƙayin da yake ji in ya buɗe fayil ya ga an cire shafi. Ya dubi layi na uku ya tuna shekarar. Ƙofar gidansu ta lanƙwashe da safe, Baba ya ce iska ce, ya yi kwana biyu yana faɗa a kan maƙeran zamani. Ya kuma tuna cewa lokaci-lokaci Baba kan kai mota sabis ta kwana uku, ya riƙa zuwa aiki a ƙafa yana cewa tafiya tana gyara jini. Babu wanda ya taɓa tambayar wane irin sabis ne ke cin kwana uku.

"Bayan tanka fa?"

"Yayanka ne. Ya zo yana kuka da majina, da gemunsa. Mahaifinku ya ce ya yi shiru, an gama magana."

"To na biyun? Me aka buge?"

"Mai ita ya ce kada in rubuta."

"Amma ai ka sani."

"Na sani." Ya jefa noti na ƙarshe cikin gwangwani. "Ka dawo Juma'a da yamma."

Auta ya ciro waya ya ɗauki hoton ƙarfen, sau uku, don kada ɗaya ya ƙi fita.

Kwana ukun nan a ƙafa ya yi su, ya gaya wa matarsa mota tana sabis, ya ji kalmar ta fita daga bakinsa sumul kamar gado. Kullum in an tashi daga aiki sai ya biya wurin Mai Guduma. Ya ga an samo bamba ta hannu, baƙa, daga wata mota da ba ta yi sa'a ta baya ba. Ya ga an goge ta, an shafa mata farin shafi, an sake gogewa. Ya ga dattijon yana haɗa fenti a murfin gwangwani, yana ɗiga a jikin ƙarfe yana kai shi kusa da ƙofar motar a cikin rana, yana tsaki yana ƙara ɗigo.

"Ba lambar launin tana cikin takarda ba?"

"Wancan launin ranar da aka saye ta ne. Shekara ashirin rana tana cinsa. In na sa maka na takarda, makaho ma zai gane."

Duk zuwa sai Auta ya zagayo da hira kan layi na biyu, ta gaba, ta baya, ta gefe. Dattijon ya ce da a ce Auta ɗan sanda ne, da ya yi suna.

Ranar Juma'a, kafin a ɗora bambar, Mai Guduma ya tsoma ɗan buroshi a fenti ruwan ɗorawa ya rubuta kwanan wata a ƙarƙashin na huɗu. "Me zan sa?"

"Ginshiƙi."

"Shi ya zo, ko kai ka je?"

"Ni na je."

Ya rubuta: ƙaramin ɗa, ginshiƙi. Suka ɗaga bambar tare, ta shige mazauninta da 'yar ƙara, aka mayar da noti, aka danna sabuwar raga, maɓallan roba suka koma ɗaya bayan ɗaya har gwangwani ya zama wayam. Auta ya ja da baya ya duba. Babu abin da ya taɓa faruwa da motar nan a duniya.

Ranar Asabar Yaya ya zagaye ta sau ɗaya, sau biyu. A na uku, wanda ba ya cikin al'ada, ya tsaya a gaba ya sunkuya ya shinshina. Ya shafa ragar da yatsa ya duba yatsan.

"Ragar Baba tana da ɗan tabon tsagewa a nan, kusa da tambari. Ina yake? Ya warke?" Ya miƙa tafin hannu. "Makulli."

Hannun Auta na cikin aljihu, makulli a gefe ɗaya, waya a ɗaya gefen. Tun jiya ya shirya yadda zai buɗe hoton, ya faɗaɗa layi na huɗu da yatsa biyu, ya tambayi Yaya ko tankar ta ji ciwo. Amma layi na huɗu ba ya nunuwa sai da na ɗaya da na uku, ga Inna kuma ta fito bakin ƙofa da sandarta, hoton Baba yana rataye a falo bayan kanta. Ya saki wayar ya ciro makullin.

"Kawo nan," in ji Inna.

Ya ba ta. Ta tako a hankali har gaban motar, ta dubi bambar, ta ja numfashi ta hanci.

"Sabis ka kai ta?"

"E, Inna."

"Kwana nawa?"

"Uku."

"Haka yake ɗauka." Ta juya ga Yaya, wanda hannunsa ke miƙe har yanzu. "Kai ma ai an taɓa yi maka sabis, ko ka manta? Shiga ka wanke hannu, abinci na hucewa."

Yaya ya janye hannunsa. Ya shige yana gyara hula.

Saura su biyu. Auta ya san ya kamata ya karɓi makullinsa ya yi godiya ya yi shiru, amma shi mutum ne da ya fasa mota don ya ƙarasa karanta takarda. Ya faɗi kwanan watan layi na biyu, rana da wata da shekara.

"Inna, me aka buge a ranar?"

Inna, wadda duk gidan ya sani ba ta taɓa zama ko a kujerar gaba ba sai an yi mata dole, ta juya makullin a hannunta. Ta leƙa ta taga ta dubi wajen ƙafar direba.

"Kulocin nan nata har yanzu yana fizga in an sake shi da sauri?"

"Yana yi."

"To ka riƙa sakinsa a hankali." Ta danƙa masa makullin. "Kuma in za ka yi karatu, ka tsaya tukuna."