Fatar Akuya a Ɗakin Bakwaini

Ni dai an san ni a asibitin nan, ba a shiga mini ɗakin bakwaini da komai daga gwiwar hannu zuwa farce. Bara jarirai uku muka rasa cikin wata guda, saboda cutar da muka raba musu da hannayenmu. Tun ranar na cire zoben aurena, maigidan yana ta ƙunƙuni har yau.

Sai ga Nomcebo Zungu ranar Litinin, sabuwar nas ɗin da ta shekara biyu tana roƙon a kawo ta ɗakina, da awarwaron fatar akuya a wuyan hannu, gashi da komai.

"'Yar nan, mene ne wannan?"

"Sista Mthethwa, akuyar murnar samun aikin nan ce. Gogo, kakata, ce ta ɗaura mini."

Na san al'adar, ni ma an ɗaura mini. Ba a cirewa sai ya tsinke don kansa. Amma fata ce, tana shan ruwa, tana ɓoye datti. Na ce mata zuwa Laraba, ko hannu tas, ko ta koma wajen ba da kati. Wallahi raina bai so ba, don yarinyar ta iya aiki.

Laraba da hantsi sai ga kakar tata da kanta, da sanda, ta hau mota tun daga Nongoma don ta ci mini mutunci.

"Ke ce mai korar jikata saboda akuyata?"

"Ni ce, Gogo. Zo ki wanke hannu, sai mu yi faɗan a ciki."

Na tsaya a kanta a bakin famfo: sabulu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, har gwiwar hannu. Tana cuɗawa tana mita. "Shekara tamanin ina wanke hannu, yau wata mai fuskar shanu za ta koya mini."

Muka shiga. Ta tsaya gaban kwalbar farko da ake rainon bakwaini a ciki. Yaron ciki bai fi kwalbar lemo ba, fatarsa har jijiya ake gani. Gogo ta daɗe tana kallonsa.

"Nawa na fari haka ya zo. Kwana huɗu ya yi," in ji ta.

Ta juya ta fita, ta ce a kira mata Nomcebo, a kuma ba ta almakashi. A baranda ta kira sunan mijinta da na iyayensa ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa mamatan bayani kamar mai sanar da maƙwabta. Sannan ta yanke fatar, ta durƙusa da ƙyar, ta ɗaura wa yarinyar a idon sawu da zaren gyalenta.

"Idan idonsu ya kai hannu, zai kai ƙafa. Ba makafi ba ne."

Nomcebo tana dariya tana share hawaye da hannu. Na ce, "To kin taɓa fuska, koma famfo."

Ta wanke, ta sake wankewa, Gogo tana leƙe ta taga tana gyara mata: "Babban yatsa, ke, kin manta babban yatsa."

Sannan na buɗe mata ƙofar kwalbar farko, na ce, "Ga ɗanki nan, Nas Zungu. Juya shi, ya gaji da wannan ɓangaren."