Tsagar Bayan Ɗakin Inna

Mijina Sirajo mai fenti ne. A bakin kasuwar Wurno yake rubuta alluna, ya fesa wa babura launi, da wannan muke ci. Amma in an bar shi da son ransa, ba abin da zai yi sai zama a zaure da wasu ƙananan motoci da jirage na roba da yake sayowa daga Sakkwato cikin kwali, gutsi-gutsi. Ya manna su da gam, ya yi musu fenti da buroshin da bai fi gashin ido kauri ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, sai mota ta fito fes, sannan ya zauna ya tsufar da ita. Ya sa mata tsatsa, ya shafa wa taya laka, ya kankare bakin ƙofa. Na sha ce masa mutum da gemunsa, 'yarsa Kausar har ta shiga sakandare, yana ɓata abin da ya gyara da hannunsa. Sai ya yi dariya ya ce, "Husainatu, ke taɓa ganin tirela ta hito Illela babu ƙura?"

Dariya ta ragu a gidanmu shekarar da ɓarayin daji suka tashi ƙauyen su Sirajo, Tungar Gidaɗo, can bayan Rara. Mahaifiyarsa, Inna Uwaliya, ta zo mana da ƙunshin zannuwa da ƙwaryarta kaɗai. Dama ta fara mantuwa, gudun nan ya ƙarasa abin. Kullum in gari ya waye sai ta ɗaure ƙunshinta ta nufi ƙofa. In na ce, "Inna, ina za ki?" sai ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce, "Gida za ni. Baƙunci ya isa haka nan."

Gidan kuwa babu shi. Sirajo ya bi wasu mazan ƙauyen sun leƙa sau ɗaya, ya dawo ya ce an ƙone rumbuna, ɗakuna sun rufta. Mun gaya wa Inna. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, washegari ta manta, ta ɗaure ƙunshi. Ba mu sake gaya mata ba, don ba za mu riƙa kashe mata gida kullum ba. Mun gwada kulle ƙofar zaure, ta zauna a gindinta tana roƙon ɗanta ya buɗe, shi kuma ya shige ɗaki ya kasa cin abinci. Saboda haka gadi ya koma kaina. Ina tuƙa tuwo ido ɗaya na kan ƙofa, ban iya shiga wanka da kwanciyar hankali. Duk da haka ta sha suɓuce mini, sai Yusha'u ɗan kabu-kabu, maƙwabcinmu mai haya da babur, ya tsinto ta a tasha tana tambayar motar Rabah, hanyar ƙauyensu. Hanyar nan kuwa ko maza majiya ƙarfi ba su binta sai da addu'a. Tsorona ɗaya ne, ranar da za ta fita ba wanda ya gan ta.

Wata rana Sirajo ya ture motocinsa gefe, ya shigo da wani katako mai faɗin babban tire. Ya ce gidansu zai gina mata a kai, ɗan ƙarami kamar motocinsa. Na ce to, yau kuma wasan ya kai ga uwarka. Ya ɗebo laka daga fadama, ya busar, ya tankaɗe da rariyata ba tare da ya tambaye ni ba, ya kwaɓa da gam ya shafe bangayen kwali. Kwanon rufi da gwangwanin lemo ya yi shi, yana danna shi a kan haƙoran mataji har ya yi layi-layi. Dannin karan da ya kewaye gidan kuma tsintsiyata ce ta tafi a kai. Ya yi rumbu, ya yi madafi, ya yi turken akuya. Da ya gama ya shafe bango da jan ƙasa mai kyau, ƙofar ɗakin Inna shuɗiya shar, kwano yana ɗaukar ido.

Ya durƙusa ya ajiye a gabanta. Inna ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

"Gidan wa na wanga?"

"Gidanki na, Inna. Ga ɗakinki, ga rumbu, ga madahi."

Ta tura katakon da bayan hannu. "Wanga gida ba a taɓa hura wuta cikinai ba. Kai ma mai shi abinai."

Na ji tausayinsa ranar, ban ɓoye ba. Na same shi a zaure ya tasa abin a gaba, na ce masa ai maganar Inna gaskiya ce. Ni da aka kai ni gidan can na ƙauye ina amarya, ban taɓa ganin ƙofar nan da shuɗi haka ba. Ina baƙin hayaƙin da ke saman madafi? Ina wurin da Inna ke dafa bango in za ta sauka daga dokin ƙofa, da ya yi santsi ya yi duhu? Ya ɗago kai ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce in zauna in faɗa masa duka.

Haka na tsinci kaina cikin aikin da nake zagi. Ni ke tunawa, shi ke sawa. Ya kankaro baƙin gindin tukunyata, ya ɗiba da busasshen buroshi ya riƙa shafawa a saman ƙofar madafi, daga ƙasa zuwa sama yadda hayaƙi ke tashi. Ƙofar ɗaki ya maida ta kalar tsatsa, ya yayyafa mata gishiri tun da damshi, ya fesa shuɗi a kai. Da ta bushe ya goge gishirin, sai ga fenti ya ɓamɓare wuri-wuri kamar ya sha rana shekara da shekaru. Ya niƙa tsatsar tsohon kwano, ya dama da kananzir ruwa-ruwa, ya ɗiga a kan kowace ƙusa ya bar shi ya gangara da kansa. Gindin bango ya yi masa duhu inda ruwan indararo ke fantsama. Wurin dafawar Inna kuwa, yatsansa ya shafa wa man gyaɗa ya riƙa murzawa a hankali. Na tuna masa inda akuya ke soshe jikinta a kusurwar rumbu, ya goge wurin da busasshen buroshi har ya yi fari-fari. Daga ƙarshe ya fesa wani ruwa da ke kashe ƙyalli, komai ya zauna.

Wannan karon Inna ba ta yi tambaya ba. Ta miƙa hannu ta ɗora yatsa daidai wurin da take dafawa, ta ce, "Wa yab bar ƙohwar madahi buɗe? Awaki za su shiga." Ni da Sirajo muka dubi juna. Na juya baya don kada ta ga hawayena.

Mun sami sauƙi bayan nan. Da safe sai in ajiye mata gidan a inuwar darbejiya, ta zauna tana magana da shi, tana share tsakar gidan da gashin kaza. Ƙunshin ya zauna a ƙarƙashin gado. Na yi wanka a natse, har barka na je unguwar gaba na dawo na ishe ta inda na bar ta.

Sai dai mai fenti bai san inda ake tsayawa ba. Kullum Sirajo zai tuna wani abu da ya rage. Wata safiya na gan shi da allura yana jan layi a bayan ɗakin Inna, daga ƙarƙashin kwano zuwa ƙasa, a karkace. Ya zuba baƙin fenti mai ruwa a ciki don ta yi zurfi a ido.

Na ce, "Baban Kausar, bar wagga tsaga. Gida ya yi."

Ya ce, "Ai tana nan. Tun ina yaro duk bazara sai ta buɗe. In babu ta ba gidanmu na ba."

Tsagar ta yi kyau, wannan ba gardama. In ka kawo ido kusa sai ka rantse ƙadangare zai fito daga ciki. Lokacin kuwa ƙarshen bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma. Inna ta juya katakon, ta ga bayan ɗakinta, ta ɗaga kai ta dubi sama. Fuskarta ta canza.

"Sirajo, ba ku yi yaɓe ba bana? Dibi bayan ɗakina. Ruwan hwari in ya zaka, bangon ga hwaɗuwa za shi yi."

Ya ce za a yi, Inna. Muka ɗauka ta manta kamar yadda take manta komai.

Washegari ina shanya na waiwaya, tabarma ba kowa. Ƙunshi na nan, ƙwarya ce babu. Na fita ko mayafi ban ɗauka ba. Tasha ba su gan ta ba, kasuwa ba su gan ta ba. Sirajo ya hau bayan Yusha'u suka bi hanya, ni na tsaya ƙofar gida ina kiran sunan Allah, ina kuma zagin allura da fenti da mai su. Sai da rana ta karkata suka dawo da ita a tsakiyarsu. Can nesa da gari suka same ta a gefen wata gona, ba takalmi, ƙaya ta yayyanka mata tafin ƙafa, ƙwarya cike da laka a kanta. Ta ƙi yarda a zubar.

Ina wanke mata ƙafa na ce wa Sirajo wallahi ko ya toshe tsagar nan ko in jefa gidan a murhu. Bai yi musu ba. Ya kwaɓo lakarsa mai gam ya durƙusa. Inna ta buge masa hannu.

"Mi kaka yi? Haka anka koya maka yaɓe, ba ƙaiƙayi? Kauce."

Ta sa na daka mata ƙaiƙayi ya yi laushi, ta kwaɓa da lakar ƙwaryarta, ta riƙa ɗiba da tsinke tana cusawa, tana lailayewa da ɗan yatsa. Washegari ma a kai ta wuni. Ta shafe tsagar, ta shafe rabin aikin da Sirajo ya yi a bangon, shi yana kallo. Da ta gama ta wanke hannu, ta ci tuwo da yawa kamar wadda ta dawo daga gona.

Na ce shi ke nan, mun huta. Da safe sai na ga ta jawo ƙunshi daga ƙarƙashin gado.

"Gida ya gyaru," in ji ta. "Tashi mu tai kahin ruwa shi tare hanya."

Sirajo yana tsaye da buta a hannu, ya ji. Ya ajiye butar, ya ce mata bari ya duba ko yaɓen ya bushe, ya ɗauki gidan ya shiga zaure. Da ya fito da shi akwai sabuwar tsaga a jikin rumbu. Inna ta gani, ta yi salati, ta ajiye ƙunshi, ta ce in kawo mata ƙaiƙayi.

Haka muke tun daga ranar. In ya dawo daga sallar asuba sai ya shiga zaure da allura, yau bango, gobe gindin rumbu, jibi dokin ƙofa. Ita kuma ta wuni tana gyara. Motocinsa na nan cikin kwali sun yi ƙura ta gaske, ya daina taɓa su. Ni ma na daina yi masa tsiya, don na ga yadda yake fitowa daga zauren nan.

Shekaranjiya muna zaune a inuwa, Inna na lailaye kusurwar madafi, sai ta tsaya ta dubi yatsunta.

"Wanga ba aikin ruwa na ba," ta ce. "Hannu na. Wani na bi na yana ɓata man gida, kullum in gyara, kullum shi ɓata." "Ko wane na, ban yahe mai ba. Allah shi isam man. Sirajo, ce amin."

Na buɗe baki in kawar da maganar, in ce ƙadangaru ne, in ce zafi ne. Sirajo ya girgiza mini kai. Ya dubi ƙafafunta da har yanzu ke ɗaure da tsumma.

"Amin, Inna," ya ce.

Yau da asuba na ji shigowarsa daga masallaci. Ya daɗe a zaure fiye da kullum. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya miƙo mini gidan in kai mata, da tsaga a bayan ɗakinta.