Cigiyar Saniyar Gwaggo Dela

Ranar da saniyar Gwaggo Dela ta ɓata a dajin Gwiwa, Zaharadeen ya fi kowa baki. Ɗan ƙaninta ne, ma'aikaci a Kazaure, mai tabarau da waya biyu, irin mutanen nan da ko gaisuwa sai sun barbaɗa mata Turanci.

"Gwaggo, share hawayenki," in ji shi. "Na ji akwai guruf na masu cigiyar dabbobi. Minti biyar zan zaƙulo shi a intanet."

Saniyar nan ita kaɗai tsohuwar ta mallaka. Da nononta take cefane, ga saniyar kuma da tsohon ciki. Gwaggo ta ce, "To ɗan nan, ko dai a aika wa Hamma dillali a Babura?"

"Hamma? Wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba? Haba Gwaggo!"

Minti biyar ɗin nan sai da ya zama kwana huɗu. Ya rubuta da Turanci, injin bincike ya kawo masa wasu Turawa masu malafa suna gardama kan cuku. Ya rubuta da Hausa, aka ba shi waƙar biki da tallan maganin basir. Ya ƙara Jigawa, sai ga labarin rabon taki na shekara shida baya. Duk da haka gogan naka bai karaya ba, sai gyara tabarau yake, yana tsaki. In Gwaggo ta leƙo ta ce an dace, sai ya ce sabis ne ba ƙarfi. Sabis fa! Allah ya kyauta.

A rana ta biyar ta yafa mayafi ta nufi tasha. Dole ya bi ta, yana cin magani.

A kasuwar shanu ta Babura, Hamma bai bari ta gama bayani ba ya ɗauki salati. "Ja, mai karyayyen ƙahon hagu?" Ya zaro wata waya da aka ɗaure da kyauro, ya kunna saƙon murya daga guruf ɗin masu cigiyar. Wani makiyayi ne ke shelar ya tsince ta.

"Kwana uku ana cigiya, Gwaggo. Jiya wani ya zo ya rantse tasa ce, ya kora ta ya tsallake iyaka."

Zaharadeen ya yi tsalle. "Ai laifinku ne! Na birkice intanet kaf, babu ku a ciki!"

Hamma ya dube shi sama da ƙasa. "Mu da baki muke yi, Malam, injin naka yana da kunne ne? Kuma ba nemo mu ake ba, saka mutum ake yi. Da azumin bara ni da hannuna na saka ka. Kwana biyu ka fice, ka ce surutun ƙauyawa yana cika maka waya."

Zufa ta karyo wa Zaharadeen, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya jira Gwaggo ta zage shi ya huta, amma ko kallonsa ba ta yi ba. Ta matsa kusa da Hamma.

"Sake kunna mini, ɗan nan. Na jiyo kukanta a bayan maganar makiyayin."