Muryar Inna a Katin Waya

Kai jama'a, ku tsaya ku ji yadda ta ƙare da katin Adawiyya! Mai jegon nan fa ta Yelwa, wadda innarta ta rasu a garin Mora lokacin ita tana da tsohon ciki. Kafin rasuwar, tsohuwar ta rera mata waƙar reno a waya, ta ce a riƙa sa wa jikan in ya zo. Waƙar nan babu ita ko'ina sai a ɗan katin memori kamar farce.

To ana shirin suna, ta ba mijinta Mahamat katin ya kai kasuwa wajen mai tura waƙoƙi, a ƙara kiɗan da mata za su taka. Da aka dawo da shi, waya ta ce babu komai. Wayam! Mahamat ya koma, mutumin ya ce birus ne, cutar nan ta na'ura, sai dai a wanke katin tas. Mahamat ya ce in an yi la'asar zai kai a wanke.

Adawiyya ta faki ido ta ɗauke katin. Mai jego ba ta fita, amma ta rungumi jariri ta bi ta ɓarakar zana sai gidan maƙwabciyarta Pélagie.

"Mai jego! Wa ya bar ki waje? Gwaggonki ta gan ki mun shiga uku."

"Maman Junior, rufa mini asiri, muryar Inna ce."

Pélagie na da tsohuwar kwamfuta, da ita take buga waƙoƙin coci, da ita take kallon fim. Ƙanenta Maxime ya sa mata Debian, irin Linux ɗin nan na kyauta, tun Junior na rarrafe, ga shi har ya shiga lakwal, wato makaranta, ba ta taɓa tsaya mata ba.

"Ni fa ba makanike ba ce," in ji ta tana cusa katin.

"In cutar ta kama taki fa?"

"Maxime ya ce wannan ba ta jin yaren irin cutar nan."

Wuta ta yi ƙif, fanka ta rage gudu, sai kuma ta dawo. Adawiyya ta matso kusa. Allo ya cika da sunayen waƙoƙi, amma duk wanda aka taɓa fanko, kamar ɓawon gyaɗa. Jariri ya fara tsala kuka. Daga can gida ana jin gwaggo na kwaɗa kira.

"Duk shara ce, bari in share mu ga abin da ya rage." Pélagie ta tattara su gaba ɗaya, yatsa na kan maɓalli.

Adawiyya ta cafke hannunta. "Wancan dosiyen na ƙarshe, mai kama da jaka, fa?"

"Ai ko suna ba shi da shi."

"Shi ma ɗana bai da suna tukuna, an yar da shi ne? Buɗe!"

Ta buɗe. Ashe nan cutar ta tara komai ta ɓoye. Hotuna, kiɗan biki, can ƙasa kuma wani sauti guda. Ta danna. Tari kaɗan, sai muryar Inna, a hankali, da kukan zakara a bayanta.

Jariri ya yi tsit. Gwaggo da ta shigo da faɗa a baki ta zauna daɓas a bakin ƙofa, ta rufe fuska da gyale.

Nan take Pélagie ta kwafe waƙar a kwamfutarta, ta tura wa Mahamat ita ma.

Don Allah ku gaya wa duk wadda aka ce a wanke mata kati, kada ta yarda sai ta leƙa wajen Maman Junior. Ku kai labarin har garin Ngong!