Inda Ruwan Lalla Itto Ya Sauka

A ƙauyenmu na kan dutse ba a taɓa rigimar fili ba, sai da Si Bihi ya dawo daga birnin Kasabalanka da mota da ƙaton tumbi, ya ce zai gina wa motar ɗaki. Filin da ya zaɓa ba na kowa ba ne. Matsalar ita ce ɓauren maƙwabciyarsa, Lalla Itto, wanda marigayi mijinta ya dasa, yana tsaye daidai inda ƙofa za ta fito. Ya ce sarewa za a yi. Wallahi tsohuwar nan ta ba ni tausayi.

Aka kira liman, Si Larbi. Ya ce a shari'a kowane gida yana da hurumi: hanyar shiga, inda indararo ke zuba, da inda matar gida ke watsa ruwan wanke-wanke. Abin da ya faɗo ciki, ba mai taɓa shi.

Ni aka tura kan soron Lalla Itto da bokitin ruwa. Na tuttule, ruwa ya biyo indararo ya sauka taku huɗu kafin ɓauren. Kaico!

"To, Lalla, kin gani da idonki," in ji Si Bihi. "Itacen ma zan bar miki ki yi girki."

"Allah ya saka, ɗana. Malam, saura wanke-wanken."

Ta shiga ta fito da tasa cike da ruwan tukunyar kuskus, ta tsaya a bakin ƙofa. Mace 'yar firit, shekara saba'in da ɗoriya. Si Bihi ya koma bayan ɓauren ya riƙe ƙugu.

"A hankali dai, kada baya ya riƙe!"

Birni ya mantar da shi. Matanmu ba sa zubar da ruwa a gindin bangon laka, don cinye shi yake yi. Tun suna yara ake koya musu wurga shi nesa. Ta ja ƙafa baya, ta murɗa kafaɗa, ta watsa. Ruwan ya wuce gindin ɓauren ya sauka sharkaf a farar jallabiyarsa.

Liman ya dubi ƙasa, ya dubi jallabiya, ya gyara murya.

"Ɓaure yana cikin hurumi. Kai ma, Si Bihi, nan da kake tsaye, a hurumin Lalla kake."

Muka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Lalla Itto ta kife tasarta.

"Cire ta in wanke maka, ɗana. Amma in na fito da ruwan, ka matsa."