Ƙusa da Kajin Maƙwabciya

Kafinta yana da wani siririn kare mai suna Ƙusa da ke gadin shagonsa, shi kafintan kuma yana da zuciyar da ta fi ashana saurin kamawa. Cikin wata guda Ƙusa ya kashe kajin maƙwabciya uku, sai mai gidan haya ya yanke hukunci: ranar Asabar za a saki kaji a gaban karen. In ya taɓa ko da gashin guda ne, ya bar gidan ke nan.

Kafinta kuwa a kwata ya tsinci Ƙusa yana ɗan kwikwiyo, yana son sa har ransa. Sai ya shiga horo da iyakar ƙarfin maƙogwaronsa.

"Zauna! Na ce zauna, ɗan banza!"

Ƙusa ya kaɗa wutsiya, ya bi kaza.

Ana cikin haka surukinsa ya zo duba kujerar da aka yi masa alkawari tun bara. Tsohon sajan ne, ya shekara ashirin yana riƙon karnukan 'yan sanda. Ya zauna kan tulin katako yana kallo har ya gaji.

"Yaro, tsakaninku wane ne karen? Kai kaɗai nake jin kana haushi."

"Baba, ba ya jin magana ne."

"Yana ji. Ihun ne ya zama masa kamar ƙarar zarto. Rage murya, har sai ya dubi fuskarka kafin ya san abin da kake so. Muddin idonsa na kan kaza, kaza ce ubangidansa."

Sajan ya kira Ƙusa a hankali. Da karen ya ɗago ido, ya shafa kansa. Ya sake, ya kuma sake.

"Mu ma haka muke da Ubangiji," in ji shi. "Ba ya yi mana ihu. Wanda ya ƙura wa kazarsa ido ba zai ji ba."

"To, Baba, a haɗa da maigidana a horon," matar kafinta ta ce daga bakin ƙofa. "Nasa kajin sun fi yawa."

Kafinta ya yi tsaki, amma ya koyi raɗa. Kwana biyar unguwa ta huta.

Ranar Asabar mai gidan haya ya zo, maƙwabciya ta buɗe akurki. Kafinta ya ce "zauna" ƙasa-ƙasa, Ƙusa ya zauna. Da maƙwabciyar ta ga abin zai tafi daidai, sai ta buɗe baki.

"Wannan ne zai horar da kare? Mutumin da teburin da ya yi min yake rawa kamar ya sha wani abu! Ko ƙusa ɗaya bai iya bugawa daidai ba!"

Kafinta ya ji wuta ta taso masa tun daga ciki. Yana da amsa, mai kyau kuwa, wadda za ta hana ta fitowa mako guda. Ya kuma san da zarar ya ɗaga murya, karen zai zabura. Sai ya dubi ƙasa. Wani ɗan tsako na tattaka ƙafar Ƙusa, yawu na zuba daga bakin karen, jikinsa duk yana ɓari, amma idanunsa na kan fuskar ubangidansa. Kunya ta kama kafinta, tausayi ya cika shi.

Ya haɗiye amsar. Da ƙyar ta wuce.

"Ki yi haƙuri, Inna. Zan zo in gyara teburin."

Maƙwabciya ta shiga kora kajinta cikin akurki. Mai gidan haya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce kare ya zauna a gidan.

Da suka watse, matar kafinta ta dube shi sama da ƙasa.

"Ƙusa dai kai ka ce masa ya zauna. Kai fa, wa ya ce maka?"

"Wanda ya daɗe yana faɗa min," in ji kafinta, yana ɗaukar guduma zai shiga gidan maƙwabciya. "Yau ne na ɗaga kai."