Ƙwayoyin Da Tela Ya Ba Kafinta

Tun bayan rasuwar matarsa Tela ya rufe shago, abinci ma sai an matsa masa. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora shi a kan wani magani da aka daɗe ana amfani da shi, ƙwaya ɗaya kafin kwanciya. Ya kuma ja kunnen babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Yaya, cewa maganin yana da kyau amma ba ya son wasa: idan ya yi yawa yana hargitsa bugun zuciya, mai ciwon zuciya kuwa ba a ba shi sai an auna shi.

Bayan wasu watanni ƙarar keken ɗinki ta dawo gidan. Yaya ta saki jiki, ta bar masa kwalbar a hannunsa.

Ran nan da hantsi tana share teburin yanka, ta ɗaga kwalbar ta ji ta sakayau, alhali shekaranjiya aka karɓo ta cike. Ta same shi yana zura zare a allura, ta dubi idonsa sosai kafin ta iya magana.

"Baba, ina maganin nan ya tafi?"

Ya fara kame-kame, daga baya ya fito fili. Shi dai a ganinsa ya warke, don haka ya juye ƙwayoyin a takarda ya ba amininsa Kafinta, wanda ya yi masa kukan rashin barci. Abin da ya yi masa rana, in ji shi, ba zai hana abokin ƙuruciyarsa ba.

"Baba Kafinta da aka kwantar bara saboda zuciyarsa?"

Allurar ta suɓuce daga hannun Tela. Murya ƙasa-ƙasa ya ce har ya gaya masa in ɗaya ba ta yi ba ya ƙara.

Ta kira wayar Kafinta, ba a ɗauka ba. Suka fita ba wanda ya rufe ƙofa, tsohon yana jan takalmi a bayanta. Tun daga bakin layin Kafinta suke jin kukan injin yanka katako.

Suka same shi tsaye a gaban injin, yana tura katako yana layi, idanunsa na rufewa, yatsunsa dab da haƙoran zarto. Yaya ba ta yi sallama ba, ta kai hannu bango ta kashe wuta. Tela ya tallabe shi ya zaunar a benci.

"Kai tsohon banza, kai ba ka aiki, ni ma ka hana ni?" in ji Kafinta, harshensa a bushe.

Da aka matsa masa ya ce jiya ya sha biyu, da safe ya ƙara ɗaya, yanzu kuma ƙirjinsa kamar ɗan koyo na buga ƙusa. Yaya ta zaro ragowar ƙwayoyin daga aljihunsa, ta tare mota.

A asibiti ta miƙa wa likita takardar da abin da ke ciki. Aka manna wa Kafinta wayoyi a ƙirji, likita ya daɗe yana duban layin da na'urar ke zanawa, Tela kuwa ya kasa zama. Daga bisani likita ya ce bugun ya karkace, amma sun zo da wuri, za a riƙe shi a sa masa ido. Ya juya ga Tela ya ce shi ma maganin nan ba a yanke shi farat ɗaya, ya koma shan sa har sai sun rage shi tare a hankali.

Da la'asar Kafinta ya buɗe ido ya ga amininsa zaune ya haɗa kai da gwiwa.

"Rigarka ma ba ta yi mini daidai," ya ce, "balle maganinka."

Tela bai yi dariya ba. Ya ciro sabuwar kwalbar da likita ya ba shi daga aljihu ya sa a tafin Yaya, ya ce daga yau ita za ta riƙa ba shi.